Zanen fuskar mutum: a ina kamanni ke ɓuya?

Na zana ido tsaf, hanci da baki ma sun fito, amma mai fuskar ya ce sam ba shi ba ne. Ina matsalar take?

Tana cikin tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin. In ka hango ɗan'uwanka daga nesa a kasuwa, kana gane shi tun kafin ka ga gashin idonsa ko tsagar kumatunsa. Abin da idonka ya kama shi ne faɗin goshi, tsawon hanci, nisan ido da ido, da yadda haɓa ta zauna. Mai koyo kan kwashe awa biyu yana gyaran ido ɗaya, alhali tun farko idon bai zauna a mazauninsa ba. Komai kyansa, sai an goge.

To da me ake farawa?

Da ƙoƙon kai. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Andrew Loomis, wani mai zane ɗan Amurka da ya bayyana ta a littafinsa kan zanen kai da hannuwa na 1956. Ka zana ƙwallo, ka yanke masa gefe biyu kaɗan, domin kan mutum a shafe yake ta wajen kunnuwa. Ka ja layi ya kewaye ƙwallon a inda gira za ta zauna, ka ja wani ya sauko ta tsakiyar fuska. Wurin da layukan biyu suka haɗu shi ke nuna inda mutumin yake kallo. Daga nan sai ka ɗaura muƙamuƙi a ƙasa.

Sauran gaɓoɓin ma haka ake musu. Wuya gwangwani ne da ya ɗan karkata gaba. Hanci ɗan akwati ne mai gaba da gefe biyu da ƙasa. Ido kuma ƙwallo ne zaune cikin rami, fata ta lulluɓe shi sama da ƙasa. Amfanin wannan yana fitowa lokacin da mutum ya juya kai ko ya sunkuya: wanda ya haddace siffar ido ta gaba kaɗai zai rikice, wanda ya san ƙwallo ne kuwa juya shi kawai zai yi.

Waɗanne ma'aunai ya kamata in riƙe?

In babban mutum ya dube ka kai tsaye, idanunsa suna wajen rabin tsawon kai, daga tsakar ka zuwa haɓa. Kusan kowane sabon hannu yana ɗaga su sama, ya cinye goshi da ƙoƙon kai, saboda hankalinmu a kan fuska yake. Daga inda gashi ya fara zuwa haɓa kashi uku ne kusan daidai: gashi zuwa gira, gira zuwa gindin hanci, gindin hanci zuwa haɓa. Wannan rabo tsoho ne, magini ɗan Rum Vitruvius ya rubuta shi tun ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da bayanansa mai zane ɗan Italiya Leonardo da Vinci ya yi aiki wajen 1490. Faɗin fuska ya kai kamar ido biyar a jere, tsakanin ido da ido kuma ido ɗaya. Kunne yana tsaye tsakanin layin gira da na gindin hanci. A jariri lissafin ya canza, idanu suna ƙasa da rabi domin ƙoƙon kai ya rinjayi fuska.

Yaya ake awo da fensir?

Ka miƙe hannu gaba ɗaya har gwiwar hannu ta kulle, ka rufe ido ɗaya. Ka daidaita tsinin fensir da girar mutumin, ka zame babban yatsa a jikin fensirin har ya zo daidai gindin hancinsa. Wannan tsawon ya zama mudunka. Kada ka motsa yatsan: sauke shi ka ga ko daga hanci zuwa haɓa ya kai haka ko ya zarce, sannan ka kwantar da fensirin ka ga sau nawa ya shiga faɗin fuska. Abin da za ka kai takarda shi ne wannan dangantaka, kamar "haɓarsa ta fi hancinsa tsawo da kashi ɗaya cikin huɗu".

Gwiwar hannu ta lanƙwashe ko yaya, awon ya lalace. Haka in ka ja kujera ko ka canza idon da ka rufe. Akwai kuma awon tsaye: riƙe fensirin a miƙe ka duba me ke ƙarƙashin me. Gefen baki ya faɗo daidai ƙwayar ido ne, ko ya tsaya ciki? Gefen hanci ya wuce kusurwar ido ta ciki? A ganina wannan ya fi awon tsawo saurin tona kuskure.

In kowa da ma'auni ɗaya aka zana shi, ai duk sai su zama ƴan gida ɗaya.

Haka ne, in ka tilasta wa fuska ta bi ma'aunin. Tela ya san yadda ake yanka kaftani, amma sai ya ɗora tef a kafaɗarka. Ma'aunan nan an samo su ne galibi daga fuskokin Turawa da gumakan Girka da Rum. A littattafan ana cewa faɗin hanci daidai yake da tazarar da ke tsakanin idanu, amma a fuskokinmu da yawa ya zarce haka, leɓe ma ya fi cika. In ka auna ka ga saɓani, fuskar ce mai gaskiya, kuma wannan saɓanin shi ne kamannin da kake nema.

Mutum na sanye da hula ko ɗankwali ko hijabi fa?

Zana ƙwallon kai tukuna kamar babu komai a kansa, sannan ka ɗora. Kada ka auna rabi daga saman hula, idanu za su haye goshi. Hijabi yana ɓoye kunne da gefen muƙamuƙi, don haka sai ka dogara da gira, hanci da haɓa.

Zan iya aiki da hoton waya?

Za ka iya, sai dai hoton da aka ɗauka daf da fuska yana kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunnuwa. A ja baya a ɗauka. Raba hoto da takarda gida-gida ma ba ha'inci ba ne, mai zane Albrecht Dürer na Jamus ya nuna irin wannan dabara tun ƙarni na 16. Illarta ɗaya: ranar da mutum ya zauna a gabanka, babu layukan da za su cece ka.

Yaushe ake shiga inuwa, musamman a baƙar fata?

Bayan ka duba zanen a madubi, ko ka ɗauki hotonsa ka juya shi. Karkatar da idonka ya saba da ita nan take za ta bayyana. Duk aikin awo a yi shi da fensir mai lambar HB ko 2H, waɗanda ba su da duhu sosai, hannu sakwa-sakwa. Daga nan ka kanne idanu ka raba fuskar biyu, inda haske ya faɗa da inda bai kai ba, ka cike inuwar da fensir 2B mai ɗan duhu, ka ajiye 6B da ya fi shi baƙi don ƙwayar ido, ƙofar hanci da ƙarƙashin haɓa. Baƙar fata tana sheƙi a goshi, karan hanci da ƙashin kumatu. In ka dame ta duka da baƙi, fuskar ta baje. Ka shimfiɗa duhu matsakaici a ko'ina, sannan ka ɗago hasken da abin gogewa mai laushi. Gashin ido da gemu su ne na ƙarshe.