Waiwaye: Yadda zancen asali ya shiga rigimar bayan zaɓe a Nijar

Ranar 23 ga Fabrairu 2021 hukumar zaɓe CENI ta bayyana cewa Mohamed Bazoum ya lashe zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa da kashi 55.75 cikin ɗari, Mahamane Ousmane na bi masa da 44.25. Kafin dare hayaƙin tayoyi ya turnuƙe unguwannin Yamai. Ousmane ya fito daga Damagaram ya ce shi ya ci da kashi 50.3. Cikin kwanakin da suka biyo baya ministan cikin gida ya sanar da mutuwar mutum 2 da kama 468, an ƙona gidan ɗan jarida Moussa Kaka, an kuma katse intanet na wayoyi kusan kwana goma. A Maraɗi, inda ciniki da Jibiya da Katsina da Kano ya dogara ga waya, wannan katsewa ta taɓa aljihun mutane kai tsaye. Rigimar bayan zaɓe ba baƙuwa ce ba a ƙasar nan. Abin da ya bambanta ta 2021 shi ne yadda aka mayar da asalin ɗan takara da launin fatarsa babban makamin yaƙin neman zaɓe, har maganar ta kai fadodin samari da majalisun dattawa.

Tushen rarrabuwar ya riga samun ƴancin kai. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a ga tayin Faransa na ci gaba da zama a ƙarƙashin inuwarta, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, PPN-RDA ta Diori Hamani ta zama jam'iyya tilo. Daga Diori zuwa Seyni Kountché da ya yi juyin mulki a 1974, zuwa Ali Saibou da ya gaje shi a 1987, duk shugabannin daga yammacin ƙasa suka fito. Nan ne ƙorafin gabas da yamma ya samo asali: gabas ke da yawan jama'a da gyaɗa da kasuwanci, yamma ke da ofis da kaki. Ko Djibo Bakary kansa Bazabarme ne, amma Sawaba ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa, abin da ke nuna tun lokacin ƙabila kaɗai ba ta isa ta bayyana yadda mutane ke zaɓe ba.

Taron ƙasa na 1991, wanda ya ɗora Amadou Cheiffou ɗan Kornaka a kujerar faraministan riƙon ƙwarya, ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Kowace ta ɗauki suna mai daɗi, akasari da Hausa: Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lafiya. Kowace kuma tana da gida: Rahama a Damagaram, Tarayya a Tawa, Zaman Lafiya a Doso. Sai dai tsarin zaɓen da aka zaɓa ya hana kowa cin mulki da gidansa kaɗai. Dole ɗan takara ya haura rabin ƙuri'u. Idan ba wanda ya haura, na ɗaya da na biyu su koma zagaye na biyu, sauran su zama masu naɗa sarki. Haka aka yi a 1993: Tandja Mamadou na Nasara ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma ƙawancen jam'iyyu na AFC ya haɗa Ousmane na Rahama da Mahamadou Issoufou na Tarayya da Moumouni Adamou Djermakoye na Zaman Lafiya, Ousmane ya ci da kusan kashi 54. Djermakoye, ɗan gidan sarautar Doso, shi ne ya taimaka wa Bahaushen Damagaram ya hau mulki.

Matsalar irin wannan ƙawance ita ce rabon muƙamai ke riƙe shi, shi ya sa ba ya daɗewa. Issoufou ya ajiye faraminista a Satumba 1994, aka rusa majalisa, ƴan adawa suka ci zaɓen Janairu 1995, Hama Amadou ya zama faraminista a ƙarƙashin shugaban da ba sa ga maciji. Wannan zaman ƴan marina ya tsayar da aikin gwamnati cik har Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki ranar 27 ga Janairu 1996. A zaɓen Yuli na shekarar aka yi abin da har yau ke cin amanar jama'a: ana tsakiyar ƙidaya aka rusa CENI, aka kafa wata hukuma, ta ba Baré nasara tun zagayen farko. Tun daga ranar duk wanda ya faɗi zaɓe yana da hujjar tarihi ta cewa ana iya sauya sakamako a hanya. An kashe Baré a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999.

Tandja ya ci 1999 da 2004, tazarcen 2009 ya jawo juyin mulkin Salou Djibo na 18 ga Fabrairu 2010. A 2011 Hama ya mara wa Issoufou baya, ya zama shugaban majalisa, suka raba gari a 2013. Zaɓen 2016 ya tarar da Hama a kurkukun Filinge, ƴan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu, Issoufou ya samu sama da kashi 92. Adadi ne da bai gamsar da kowa ba. Bayan haka ƴan adawa suka ƙi zama a kujerunsu na CENI na tsawon shekaru, aka haɗa rajistar zamani mai hoto da zanen yatsa, ta mutum kusan miliyan 7.4, ba tare da idonsu a kai ba.

A wannan yanayi aka shiga 2020. Kotun tsarin mulki ta cire Hama daga takara a Nuwamba saboda hukuncin ɗaurin shekara ɗaya da ke kansa, ya koma bayan Ousmane. Sai aka ɗauko aya ta 47 ta kundin tsarin mulkin 2010, wadda ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa dole ya zama ɗan Nijar na asali. Bazoum Balarabe ne na zuriyar Awlad Sulaiman, an haife shi a jahar Difa, ya tashi a Tesker cikin jahar Damagaram, ya yi ministan harkokin waje da na cikin gida. Wasu ƴan takara suka ƙalubalanci takardar shaidar zamansa ɗan ƙasa, kotu ta yi watsi da ƙarar. A zauren shari'a maganar takarda ce: lamba, kwanan wata, ofishin da ya bayar. Da ta fito fili ta faɗa saƙonnin murya na WhatsApp, sai ta rikiɗe ta zama "baƙo ne", "fari ne". Wannan sauyi shi ne haɗarin, domin takardar haihuwa abu ne da ɗimbin mutanen karkara, musamman makiyaya da aka haifa a shekarun 1960, ba su samu a kan lokaci ba. Duk ma'aunin da zai fitar da Balaraben Tesker zai iya fitar da Bafulatanin Dakoro da Buzun Bermo, har da Bakatsinen Maraɗi wanda rabin danginsa ke tsallaken iyaka. Larabawan Difa ma ba su manta da Oktoba 2006 ba, lokacin da gwamnati ta sanar da korar Larabawan Mahamid zuwa Cadi, ta janye bayan ƴan kwanaki.

Duk da zafin kalaman, lissafin ƙawance bai bi ƙabila ba. Cikin ƴan takara 30 na zagayen farko na 27 ga Disamba 2020, Bazoum ya samu kusan kashi 39, Ousmane kusan 17. Seini Oumarou na Tilaberi da Albadé Abouba, na uku da na huɗu, suka bi Bazoum. Yamai kuwa, garin da ake kira na yamma, ta zuba wa ɗan Damagaram ƙuri'a saboda Hama. Mutanen da wasan taubasantaka ya ɗaure, Fulani da Barebari, Gobirawa da Zabarmawa, wasan da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2014, an same su a ɓangarorin biyu.

Inda abin ke lalacewa a aikace shi ne hanyar da sakamako ke bi. A tsarin wancan lokacin, ana ƙidaya a rumfar zaɓe, a cike takardar sakamako, wakilan ƴan takara su sa hannu, a kai ta hukumar zaɓe ta ƙaramar hukuma, daga nan alƙaluma su haura har Yamai, CENI ta ba da na wucin gadi, kotun tsarin mulki ta tabbatar. Jam'iyyar da ba ta da kuɗin aika wakili kowace rumfa, musamman a yankunan makiyaya masu nisa da wuraren da tsaro ya taɓarɓare, ba ta da kwafin da za ta kai kotu. Ranar zagaye na biyu kanta nakiya ta kashe ma'aikatan zaɓe 7 a jahar Tilaberi. Ɓangaren Ousmane ya yi zargin cewa a Timiya ta jahar Agadas masu jefa ƙuri'a sun haura waɗanda ke cikin rajista. Kotu ta soke wasu rumfuna, ta tabbatar wa Bazoum kashi 55.66 ranar 21 ga Maris. Wanda bai yarda da hukumar da kotun ba tun farko, wannan bai sauya masa ra'ayi ba, kuma zancen asali ya fi zancen takardun rumfa saurin tara jama'a a titi.

An yi yunƙurin juyin mulki daren 30 zuwa 31 ga Maris, aka rantsar da Bazoum ranar 2 ga Afrilu, karon farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe a tarihin ƙasar. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun fadarsa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da shi, aka jingine kundin 2010 tare da ayarsa ta 47. Hama ya rasu a Oktoba 2024, a Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Duk ranar da aka zauna rubuta sabon kundi, tambayoyin da 2021 ta bari suna nan a kan tebur: wa ke naɗa mambobin hukumar zaɓe, ko za a wallafa sakamakon kowace rumfa ɗaya bayan ɗaya, da kuma wace takarda ce za ta wadatar a matsayin shaidar asali ga mutumin da aka haifa a ruga.