Cibiyoyin nazari masu ra'ayin yaƙi: su wane ne, kuma yaya suke juya gwamnati?

Duk mai kama labaran duniya a rediyo ya saba jin an ce "wani masani daga wata cibiyar nazari da ke Washington". A fada, ko a unguwar Zengo ko a Birni a nan Damagaram, da an ji haka sai a ɗauka malami ne da ba ya da ɓangare. Sau da yawa ba haka abin yake ba.

Galibi cibiyar nazarin manufofi ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ba kuma jami'a ba. Ƙungiya ce mai zaman kanta da ke tara masana da tsofaffin hafsoshin soja da tsofaffin jakadu, ta riƙa biyansu albashi suna rubuta wa mahukunta shawara. Kuɗin na fitowa daga attajirai da gidauniyoyi da kamfanoni, wani lokaci har da masu ƙera makamai. Akwai masu aiki na gaskiya a cikinsu. Waɗanda muke magana a kansu su ne masu ganin ƙarfin soja ne maganin kusan kowace rigima. Amurkawa na kiran irin wannan mutum shaho, mai son sulhu kuma kurciya.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Project for the New American Century, wadda wasu marubutan siyasa na Amurka, William Kristol da Robert Kagan, suka kafa a 1997. A watan Janairun 1998 ta aika wa Shugaba Bill Clinton wasiƙa tana neman a kawar da Saddam Hussein. Cikin masu sa hannu akwai Donald Rumsfeld da Paul Wolfowitz da John Bolton. Clinton bai kai mamaya ba. Amma da George W. Bush ya hau mulki a 2001, Rumsfeld ya zama ministan tsaro, Wolfowitz mataimakinsa, Bolton ya samu babban muƙami a ma'aikatar harkokin waje. Da harin 11 ga Satumba ya auku, takardar neman kawar da Saddam a rubuce take, masu ita kuma suna zaune a ofis. A watan Maris na 2003 aka afka wa Iraƙi.

To, nan ne ƙarfinsu yake. Ba sa ba da umarni. Suna rubuta rahoto, su bayyana gaban majalisa, su cika jaridu da talabijin, su kuma ajiye mutanensu har ranar da jam'iyyarsu za ta dawo. Hausawa kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, ko da yake ni ban yarda wannan ya wanke shugaban da ya sa hannu ba.

Kada a ce abin ya yi mana nisa. A watan Fabrairun 2011 wata sabuwar cibiya ta su Kristol da Kagan, Foreign Policy Initiative, ta rubuta wa Barack Obama tana matsa masa ya ɗauki mataki kan Gaddafi. Ba wasiƙar kaɗai ta jawo yaƙin ba, don Faransa da Ingila ne a sahun gaba. Amma a watan Maris aka fara ruwan bama-bamai, a Oktoba aka kashe Gaddafi. Makaman Libiya suka watsu cikin Sahara, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye a 2012, 'yan ci-ranin jihar Damagaram da dama kuma suka dawo gida hannu rabbana.