Luwaɗi a dokar Sudan: sashe na 148 kafin gyaran 2020 da bayansa

Har yau idan maganar luwaɗi ta taso a zaure, ko a Mai Wurno ne ko a unguwannin Hausawa na Gadarif da Kasala, ba a rasa wanda zai yanke zance da cewa hukuncinsa kisa ne a dokar ƙasar nan. A da akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Yanzu babu. Tun watan Yulin 2020 aka cire kisa da bulala daga sashen da ya yi magana a kan luwaɗi, aka bar ɗauri. Laifi ne har gobe a idon doka, wannan kam bai canja ba. Amma duk wanda zai sa baki a zancen da ya shafi ran ɗan'adam da mutuncinsa, ya kamata ya fara sanin abin da aka rubuta.

Dokar da ake nufi ita ce Dokar Laifuka ta 1991, wadda gwamnatin Umar al-Bashir ta kafa shekara biyu bayan ta ƙwace mulki. Sashe na 148 shi ne na luwaɗi, kuma bayanin da ya yi gajere ne: namijin da ya sadu da wani namiji ko wata mace ta dubura, da namijin da ya yarda aka yi masa haka. Da yawa ba su san sashen ya haɗa har da saduwa da mace ba. Wato aikin yake bi, ko da wa aka yi shi. Bai ambaci abin da ke cikin zuciyar mutum ba, bai ambaci muryarsa ko tafiyarsa ba, bai ambaci wanda ya tsufa bai yi aure ba.

A tsohon tsari, wanda aka samu da laifin karo na farko bulala ɗari ce, kuma alƙali na iya ƙara masa ɗauri har shekara biyar. Karo na biyu bulala ɗari da ɗaurin da bai wuce shekara biyar ba. Karo na uku ne ake kaiwa ga kisa ko ɗaurin rai da rai. Don haka ko a zamanin Bashir, kisa ba hukuncin farko ba ne. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai gane cewa masu rubuta dokar ba su bi Malikiyya a nan ba, duk da cewa ita ce mazhabar akasarin mutanen Sudan da ta mu Hausawa. A wurin Imam Malik jifa ne ga mai yi da wanda aka yi wa, ko sun taɓa aure ko ba su taɓa ba, da sharaɗin shaidu huɗu ko iƙirari. Imam Abu Hanifa kuwa ya ce babu haddi a ciki, ta'aziri ne da shugaba ke ƙiyastawa, sai dai Hanafawa sun ba shugaba damar kashe wanda ya mai da abin ɗabi'a. Zubin sashe na 148 ya fi kusa da wannan ra'ayi na biyu. Wannan yana da amfani a sani, domin hukuncin da yake ta'aziri hukuma na da ikon rage shi ko ƙara shi, kuma ta wannan ƙofa aka bi a 2020.

Bayan faɗuwar Bashir a watan Afrilun 2019, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdallah Hamdok ta fara da soke dokar kula da ɗa'ar jama'a a watan Nuwamba, wadda 'yan sanda suka daɗe suna kama mata da ita saboda sutura. Sai a Yulin 2020 Janar Abdulfattah al-Burhan, a matsayin shugaban Majalisar Ƙoli, ya sa hannu a kan tarin gyare-gyare da ministan shari'a Nasruddin Abdulbari ya gabatar. A ciki aka soke hukuncin ridda, aka haramta kaciyar mata da ɗaurin da zai iya kai shekara uku, aka yarje wa waɗanda ba Musulmi ba shan giya, aka ba uwa damar tafiya da 'ya'yanta ba tare da takardar izinin miji ba. Waɗannan su suka cika kunnen mutane, su aka yi ta zanga-zanga a kansu a Khartum bayan sallar Juma'a. Gyaran sashe na 148 ya shige cikin tarin ba tare da hayaniya ba, sai ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su Bedayaa, mai aiki a Masar da Sudan, suka ja hankalin duniya a kai.

Yanzu ga yadda yake: karo na farko ɗaurin da bai wuce shekara biyar ba, karo na biyu bai wuce shekara bakwai ba, karo na uku ɗaurin rai da rai. A lura cewa a karo na biyu ɗaurin ƙaruwa ya yi. Kuma ba a lissafa karo da yawan abin da ake zargin mutum ya aikata, ana lissafawa ne da yawan hukuncin da kotu ta riga ta yanke masa. Ni dai ina ganin cire kisa daidai ne, domin alƙali ɗan'adam ne, yana kuskure, kuma wanda aka kashe bisa kuskure ba ya dawowa. Ina kuma ganin ɗaurin rai da rai ya yi nauyi ƙwarai a kan abin da baligai biyu suka yi a ɓoye ba tare da tilasta wa kowa ba.

Maɗigo ba ya cikin sashe na 148. Sashe na 151 ne ake amfani da shi, wanda ya hana aikin alfasha da duk wata mu'amalar jima'i da ba ta kai zina ko luwaɗi ba. A da bulala har arba'in ce, tare da ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba ko tara. Yanzu bulalar ta tafi, sauran suna nan. Irin waɗannan sassa masu faɗin baki su ne suka fi cin mutane a aikace, domin tabbatar da luwaɗi a gaban alƙali abu ne mai wuya, amma cewa wane ya yi shigar da ba ta dace ba ba ya buƙatar wata doguwar hujja. A watan Agustan 2010 wata kotu a babban birni ta sa aka yi wa samari 19 bulala talatin-talatin a bainar jama'a, aka kuma ci su tara, saboda an same su da kayan mata da kwalliya a wani biki cikin gida. Ba a tuhume su da sashe na 148 ba. Wanda ya san yadda 'yan daudu suka daɗe a cikin al'ummarmu, suna dafa abinci suna sayarwa a tasha da gidajen biki, zai gane cewa irin wannan kame ba ya tsayawa ya tambayi abin da mutum ya aikata. Kamanninsa kawai ake dubawa.

Auren jinsi kuwa maganarsa gajera ce. Dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ta ce aure ƙulli ne tsakanin namiji da mace. Babu ma'azun, wato jami'in ɗaurin aure, da zai ɗaura wani abu daban, kuma takardar da aka samo daga Afirka ta Kudu, wadda ta halatta shi a 2006, ko daga Amurka, ba ta da wani matsayi a kotun Sudan: babu gado, babu ciyarwa, babu komai.

Sashen da na fi so mutanenmu su haddace shi ne na 157, na ƙazafi. Ya ce duk wanda ya jefi kamilin mutum da zina ko luwaɗi bisa ƙarya, ko da baki, ko a rubuce, ko da ishara bayyananna, hukuncinsa bulala tamanin ne, ko da wanda aka jefa ya rasu. Gyaran 2020 bai taɓa wannan bulalar ba, domin haddi ce. To ka duba yadda muke yi. Yaro ya yi faɗa da abokin kasuwancinsa, sai gobe a ga sunansa yana yawo a WhatsApp da wannan tambari. Malami ya saɓa da wani malami, sai a fara raɗa. Da zarar maganar ta fita ba ta komawa. Ƙannensa mata ma sai sun ji a jikinsu ranar da aka zo neman aurensu. Iyayenmu suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a wannan gaɓa dokar ƙasa ta tsaya tare da su. Haka nan wanda ya riƙe hoto ko saƙon wani yana karɓar kuɗi don kada ya tona, shi ma mai laifi ne a dokar, laifin ƙwace ta hanyar barazana. Matsalar ita ce wanda ake tatsa yana tsoron zuwa niyaba, wato ofishin mai gabatar da ƙara, ya kai ƙara, don kada reshe ya juye da mujiya, kuma masu wannan sana'a sun san haka sarai. Duka, ko ƙona ɗakin mutum, ko korarsa daga unguwa da sanda, babu sashen da ya ba umda, wato mai unguwa, ko matasan unguwa wannan iko. A 2014, a zamanta na Luwanda, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka ta fitar da ƙuduri mai lamba 275 tana kira ga ƙasashe su hukunta masu kai wa mutane hari saboda wannan, ko gaskiya ne ko zargi.

Dole a raba duk wannan da fyaɗe. Babban mutum ya danne yaro, wannan ba zancen sashe na 148 ba ne kawai. Dokar Yara ta 2010 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma tanadi kisa ko ɗaurin shekara ashirin ga wanda ya yi masa fyaɗe. Yaron da aka yi wa haka ba mai laifi ba ne, wanda aka zalunta ne. Binciken da sashen Larabci na BBC ya fitar a 2020 kan wasu makarantun allo na kwana a Sudan ya nuna yara cikin mari, da duka, da lalata. Abin da ke ƙona mini rai shi ne sau da yawa a nan ne muke yin shiru don rufa asirin babba, sannan mu ɗaga murya a kan jita-jitar da ba mai shaida.

Ana yawan tambaya ko haihuwar mutum ake yi da wannan sha'awa ko koya yake. Doka ba ta shiga wannan ba. Masana kimiyya sun shiga. Bincike mafi girma shi ne wanda mujallar Science ta buga a 2019, da aka duba ƙwayoyin gadon mutum kusan rabin miliyan, akasari daga Ingila da Amurka. Ba a sami wata ƙwayar gado guda da ke yanke hukunci ba. An ga ƙwayoyi masu yawa, kowace da ɗan tasiri kaɗan, waɗanda gaba ɗayansu suka bayyana kashi 8 zuwa 25 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane. Nazarin tagwaye ma ya nuna gado na da hannu amma ba shi kaɗai ba, kuma an daɗe da lura cewa yawan yayye maza daga uwa ɗaya yana ƙara yiwuwar abin ga ƙaninsu, abin da ake dangantawa da yanayin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa ranar 17 ga Mayun 1990, kuma manyan ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa sun ce hanyoyin da ake bi da sunan canja mutum ba a tabbatar suna aiki ba, illa ma suke yi. Wannan bai shafe abin da malamai suka faɗa kan aikin ba, su ma ai sun bambanta tsakanin abin da zuciya ta raya da abin da gaɓɓai suka aikata. Amma uban da ke shirin ɗaure ɗansa a turke don ya fitar masa da abin, ya sani cewa mari da bulala ba su taɓa cire shi daga zuciyar kowa ba, sai dai su raba ɗa da gidansu.

Masu tafiya su lura cewa kowace iyaka da nata. Akwai tsohuwar dangantaka tsakanin dokar nan da ta Arewacin Najeriya: kundin laifuka da Turawan Ingila suka kafa a Sudan a 1899 daga na Indiya aka ɗebo shi, kuma a lokacin wanda aka yi ba da yardar ɗayan ba shi yake hukuntawa. A 1958 babban jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabanci kwamitin da ya ba gwamnatin Sardauna shawarar ɗaukar kundin Sudan. Da aka kafa na Arewa sai aka cire sharaɗin rashin yarda, aka sa ɗauri har shekara 14. Daga shekarar 2000 jihohi goma sha biyu suka kawo shari'ar Musulunci da jifa a rubuce, sannan a Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: shekara 14 ga ma'auratan, goma ga wanda ya shaida ko ya taimaka. A Saudiyya kuwa, inda 'yan'uwanmu da yawa ke zaune a Makka da Jidda, babu rubutaccen sashe irin na 148. Alƙali ne ke duba fiƙihu ya yanke, kuma hukuncin na iya kaiwa ga kisa. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta ƙara ɗauri har shekara biyar da tarar riyal miliyan uku ga wanda ya ajiye ko ya aika abin da aka ɗauka ya taɓa ɗa'ar jama'a.

A nan gida, juyin mulkin Oktoban 2021 ya tafi da gwamnatin farar hula amma bai dawo da kisa cikin sashe na 148 ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF na Hamidti shi ya rufe kotuna a wurare da yawa, ya bar mutane a hannun mai bindiga a shingen hanya, wanda zai karɓi waya ya bincike ta ba tare da takardar kowa ba. Inda niyaba da kotu ke aiki, dokar tsarin shari'ar laifuka ta ba wanda aka kama damar sanar da iyalinsa da ganin lauya, kuma shiga gida a yi bincike yana buƙatar umarnin niyaba ko alƙali. Dangin wanda aka tsare su fara da tambayar sashen da aka rubuta a takardar ƙara, 148 ne ko 151, domin na farko zai iya cin shekara biyar tun a karon farko, hukuncin na biyu kuwa ya fi sauƙi. Kada kuma ya sa hannu a kan wani iƙirari kafin lauyansa ya iso.