Tsohon cak a aljihu: har yaushe doka ta ba shi rai?

A Yamai mutane da yawa sun ɗauka cewa cak yana mutuwa bayan shekara ɗaya. Wannan hukuncin Faransa ne, inda wa'adin yake shekara ɗaya da kwana 8. Nijar kuwa, ko da yake ta fice daga CEDEAO, har yanzu tana cikin ƙungiyar UEMOA mai ƙasashe 8 masu amfani da sefa, saboda haka dokar da ke aiki a bankunanmu ita ce ƙa'ida mai lamba 15/2002 da majalisar ministocin ƙungiyar ta amince da ita ranar 19 ga Satumban 2002.

Abu na farko da ƙa'idar ta tsayar shi ne lokacin da ya kamata a kai cak banki. Idan a garin da aka rubuta shi za a biya, kwana 8 ne. Idan a wani gari ne cikin ƙasa ɗaya, kwana 20. Wanda aka rubuta a wata ƙasar ƙungiyar, kamar Bamako zuwa Yamai, yana da kwana 45, wanda ya fito daga wajen ƙungiyar kuma kwana 70. Ana fara ƙidaya daga ranar da ke rubuce a jikin takardar.

Wucewar waɗannan kwanaki ba ta kashe cak ba, kuma a nan ne ruɗanin yake. Muddin akwai kuɗi a asusun, wajibi ne banki ya biya, kuma hakkin mai riƙe da cak a kan banki yana nan har shekara 3 bayan ƙarewar wa'adin kaiwa. Amma hakkinsa na bin wanda ya rubuta cak ɗin da waɗanda suka sa hannu a bayan takardar don miƙa ta ga wani, ta hanyar dokar cak, wata 6 kacal yake yi bayan wannan wa'adi.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwar albasa a Tawa wanda aka ba shi cak na jika 800 ranar 1 ga Maris 2024, a karɓa a wani banki na Yamai. Kwanakinsa 20 sun cika ranar 21 ga Maris. Ya naɗe takardar cikin littafin bashi, hidimar kaka ta sha kansa, bai tuna ba sai bayan shekara biyu. Idan mai cak ɗin ya bar kuɗin a asusu, za a biya shi har zuwa Maris na 2027. Idan kuwa an kwashe kuɗin, ko an rufe asusun, to ya shiga wahala, domin sakacinsa ya kuɓutar da duk wanda ya sa hannu a bayan takardar. Abin da ya rage masa shi ne, doka ba ta yafe wa wanda ya rubuta cak ba tare da ajiye kuɗinsa ba, kuma karɓar cak ba ta goge asalin bashi, sai ranar da kuɗi suka shiga hannu. Sai dai wannan hanya ce ta kotu, mai cin lokaci da kuɗin lauya, kuma a ganina ba ta cancanci a dogara da ita ba alhali tafiya banki ta yini ɗaya ta isa.

Shi ma mai rubutawa bai kamata ya yi barci ba. Ba shi da ikon ce wa banki kada ya biya don kawai cak ya tsufa ko don ya saɓa da wanda ya ba. Doka ta yarda da hana biya ne kawai idan takardar ta ɓace, ko an sace ta, ko an yi zamba da ita, ko kotu ta buɗe shari'ar karyewar mai riƙe da ita. Rasuwar mai rubutawa ma ba ta ɓata cak da ya riga ya bayar, abin da magada kan manta lokacin rabon gado. Wanda ya kashe kuɗin da zaton maganar ta wuce, idan cak ya dawo babu biya kuma bai gyara cikin kwana 30 ba, ana iya hana shi rubuta cak, sunansa kuma ya shiga rajistar Babban Bankin BCEAO.

Ga wanda ya tsinci tsohon cak yau, ya fara duba kwanan watan. Idan bai kai shekara 3 bayan wa'adin kaiwa ba, ya kai shi banki nan take. In an ƙi biya, kada ya fita sai an ba shi takardar shaidar ƙin biyan, domin da ita ce zai nemi hakkinsa. Idan kuwa cak ɗin ya wuce wannan wa'adi, sai ya koma wurin wanda ya ba shi, ya mayar masa da tsohuwar takardar, ya karɓi sabuwa. Kada ya yarda a goge kwanan watan a rubuta wani a kai, domin bankuna kan mayar da cak mai gyare-gyare, kuma ana iya tuhumarsa da jabu.