Rawar Dodanni: yaƙin 'yan uba a gidan Targaryen

Rawar Dodanni yaƙin basasa ne na ƙagaggen labari, wanda marubucin Amurka George R. R. Martin ya tsara a littafinsa na 2018 kan tarihin gidan sarautar Targaryen, masu hawan dodanni. An gwabza shi a nahiyar Westeros daga shekara ta 129 zuwa 131 a lissafin ƙasar, tsakanin Rhaenyra da ƙanenta Aegon, waɗanda uba ya haɗa, uwa ta raba.

Tushen rigimar ƙa'idoji biyu ne masu karo da juna. A taron manyan hakimai na shekara ta 101 an fifita tsatson namiji, aka tsallake na mace, kuma da wannan hukunci Viserys ya samu sarauta. Shi kuma a 105 sai ya naɗa 'yarsa Rhaenyra magajiya, hakimai suka yi mata mubaya'a. Daga baya ya auri Alicent Hightower, ta haifa masa Aegon a 107. Bai soke naɗin ba, bai kuma warware hukuncin 101 ba. Nan ya bar baya da ƙura.

Da Viserys ya rasu, Rhaenyra na tsibirin Dragonstone da tsohon ciki, fada kuma na hannun dangin kishiyar uwarta. Suka ɓoye mutuwar kusan mako guda, gawar tana ruɓewa a ɗaki, suka kawar da ma'aji Lyman Beesbury da ya ƙi yarda, sannan aka ɗora wa Aegon kambi. Baitulmali kuwa aka kasa shi huɗu: kashi uku aka fitar daga babban birni zuwa ajiya a wurare masu nisa, wato Braavos da Casterly Rock da Oldtown, ɗaya aka ware don sayen goyon baya da sojojin haya.

Wannan dabara ta fi dodanni masu aman wuta tasiri. Rhaenyra ta ci babban birni a 130, ta tarar da taska wayam, ta tsawwala haraji. Talakawa suka yi bore, suka far wa gidan dodanni, dodanni biyar suka mutu. Ta tsere zuwa Dragonstone, inda Aegon ya kama ta, ya ba dodonsa Sunfyre ya cinye ta a gaban ɗanta.

Aegon ma bai daɗe ba, guba aka ba shi a 131. Ɗan Rhaenyra ya hau gado da sunan Aegon na Uku, aka aura masa Jaehaera, 'yar wanda ya kashe uwarsa.