Sikeli ne ke fara yanke wa mai safarar ƙwaya hukunci

Sau da yawa za ka ji an kama mutum biyu da hodar ibilis, ɗaya ya sha shekara 3 ɗayan kuma aka ce rai da rai, sai mutane su fara cewa ai an ci kuɗi ne. Ba kullum ba fa. Galibi doka ce ta raba su tun kafin su ga fuskar alƙali.

Da an kama kaya abin farko sikeli ake ɗora su, saboda nauyin ne ke nuna ko mai sha ne kai ko babban dila. A Amurka dokar tarayya ta ce giram 500 na hodar ibilis shekara 5 ne mafi ƙaranci, in ya kai kilo 5 to daga shekara 10 ake farawa har zuwa rai da rai, kuma fa duka garin ake aunawa har da abin da aka cakuɗa a ciki don ya yi auki, ba zallar hodar ba. Ƙasar Singafo da ke Asiya kam ba wasa, dokarsu ta 1973 da aka yi ta tsaurarawa ta ce zallar hiroyin in ta wuce giram 15, ko wiwi ta wuce giram 500, rataya ce. Giram 15 fa, abin da tafin hannu zai rufe.

Sai na biyu, wane ne kai a harkar? Nan tsarin Ingila ya fi burge ni. A kan kilo 5 ɗin nan guda, ogan da ke juya harkar ana fara masa lissafi daga shekara 14, na tsakiya 10, ɗan aike da aka tura ko aka tsorata shi 7, daga nan alƙali ya ƙara ko ya rage. Wanda ya amsa laifi da wuri ana iya yafe masa kashi ɗaya cikin uku. Dukiyar da aka tara da kuɗin ƙwaya ita ma ƙwacewa ake yi.

Singafo ma ta ɗan sassauta a 2012, ɗan aike zai iya tsira daga rataya, a yi masa ɗaurin rai da rai da bulala, in mai gabatar da ƙara ya ba shi shedar cewa ya taimaka wajen tona asirin masu harkar. To amma shi da aka miƙa wa jaka a bakin filin jirgi, lambar waya ɗaya kawai ya sani ita ma an kashe ta, me zai tona? Oga ne ke da sunayen da zai yi ciniki da su.

Kuma batun "wallahi ban san abin da ke cikin jakar ba" bai cika fid da mutum ba. A Singafo doka ta ɗauka ka sani tunda a hannunka aka samu, kai ne za ka gamsar da kotu cewa ba ka sani ba.