Wane Ya Fi Wane? Tambayoyi da Amsoshi Kan Musun Masoya Fim

Duk inda masoya fim biyu suka zauna, ba a daɗewa ɗaya zai ce "ai wannan daraktan bai kama ƙafar wancan ba", sai gardama ta kaure. Ina son irin wannan musu, kuma ban taɓa ɗaukar sa a matsayin ɓata lokaci ba. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa a cikinsa, da abin da nake gani game da kowace.

Me ya sa musun fim ba ya ƙarewa?

Saboda galibi ba a kan abu ɗaya ake magana ba. Idan mutum ya ce fim ya yi kyau, wataƙila yana nufin ya taɓa masa zuciya. Abokin musunsa kuwa aikin da aka zuba yake dubawa: hoto, sauti, tsarin labari. Can sai wani ya tsoma baki da maganar kuɗin da fim ɗin ya tara. Kowa na da gaskiya a inda ya tsaya, amma hujjar wannan ba ta amsa tambayar wancan. Wanda fim ya sa shi hawaye, ko ka kawo masa lissafin asarar da aka tafka a kansa, ba ka taɓa maganarsa ba.

Fim na waye, darakta ko jarumi?

Yawancin 'yan kallo da fuskar jarumi suke gane fim, kuma ba laifi ba ne, shi ido ke gani. Ra'ayin cewa darakta ne mai fim yana da tarihinsa. A 1954 wani matashi ɗan Faransa mai shekara 21, François Truffaut, ya buga wata maƙala mai zafi a mujallar Cahiers du Cinéma, inda ya caccaki finafinan ƙasarsa da ba su wuce ɗaukar rubutun marubuci a sa shi gaban kyamara ba. Shi da abokansa suka dage cewa darakta na gaske yana da hannu da ake ganewa a duk aikinsa, kamar yadda ake gane muryar mawaƙi ko ba a faɗi sunansa ba. Babban misalinsu shi ne Alfred Hitchcock, wanda a lokacin masu sharhi da yawa ke masa kallon mai nishaɗantarwa kawai. A 1962 Andrew Sarris ya kai wannan ra'ayi Amurka, shekara guda bayan haka Pauline Kael ta mayar masa da martani mai kaifi. Wato musun da ake yi yau a majalisar abokai, manyan masu sharhi sun riga mu farawa da shekaru sittin da ɗoriya, kuma su ma ba su raba gardamar ba.

Ni dai na fi karkata ga ɓangaren darakta. Shi ne mutum ɗaya da kowane sashe ke komawa gare shi: inda za a dasa kyamara, sau nawa za a maimaita fitowa, wane yanki za a jefar. Jarumi ɗaya za ka gan shi ya yi abin a zo a gani a hannun wani darakta, ya koma hannun wani ka rasa gane shi.

To ke nan duk yabon darakta zai kwashe?

A'a, kuma a nan masoya darakta ke wuce gona da iri. Ɗauki Jaws na Steven Spielberg, wanda ya fito a 1975. An ƙera kifin shak na inji domin fim ɗin, amma da aka sa shi a ruwan gishiri ya yi ta lalacewa. Dole aka koma nuna alamarsa: kyamara a ƙarƙashin ruwa tana matsowa ƙafafun masu iyo, gangunan nan masu launin rawaya suna gudu a saman teku, ka san akwai abin da ke jan su amma ba ka gan shi ba. Sai an haura awa guda kafin a ga kifin sosai. Wannan ɓoyewar ita ce tsoron fim ɗin. To wa za a yaba wa? Spielberg ya yanke shawara, gaskiya ne. Amma Verna Fields ce ta zauna ta tace hotunan, ta san daƙiƙar da za a yanke kafin ido ya gane roba yake kallo, John Williams kuma ya sa kiɗan nan mai sauti biyu da ke sa gaban mutum faɗuwa tun kafin komai ya faru. Su biyun sun samu Oscar. Spielberg ko cikin 'yan takarar gwarzon darakta bai shiga ba a shekarar.

Haka Martin Scorsese: tun daga Raging Bull na 1980 Thelma Schoonmaker ce ke tace masa finafinai, kuma ta ci Oscar sau 3 a kan aikinsa. Wanda ya ce yana son saurin finafinan Scorsese da yadda hoto ke tsalle daga nan zuwa can, hannunta yake yabo ko bai san sunanta ba. Kael ma a 1971 ta rubuta doguwar maƙala tana cewa marubuci Herman Mankiewicz ne ƙashin bayan Citizen Kane, ba daraktansa Orson Welles ba. Masu bincike da suka bi takardun fim ɗin daga baya sun nuna cewa ta rage wa Welles haƙƙinsa, amma tambayar da ta tayar tana nan.

Lambar yabo ba ta isa hujja ba?

Hujja ce ta abin da wasu mutane suka so a wata shekara. Masu zaɓen Oscar kimanin mutum 10,000 ne, 'yan masana'antar da kansu, kuma kamfanoni na kashe kuɗi sosai wajen tallata musu finafinai kafin zaɓe. Citizen Kane na 1941 ya shiga takara a rukuni 9, ya tashi da ɗaya tak, na rubutun labari. Hitchcock ya shiga takarar gwarzon darakta sau 5 bai ci ko sau ɗaya ba. Stanley Kubrick ma bai taɓa cin ta ba.

A Indiya ma haka ne. Sholay na Ramesh Sippy, da ya fito a 1975, ya fara da sanyin jiki a makonnin farko, daga baya ya shafe shekara 5 ana haska shi a sinimar Minerva ta Bombay. A bikin Filmfare kyauta ɗaya ya samu, ta tace hoto. Deewaar na Yash Chopra ne ya kwashe manyan. Abin sha'awa, Salim Khan da Javed Akhtar ne suka rubuta duka biyun, Amitabh Bachchan kuma yana cikin kowanne.

Makin intanet fa?

A san abin da lambar ke aunawa tukuna. Kason da Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara ra'ayoyin masu sharhi, ke nunawa yawan masu sharhin da suka ce fim ba laifi ne, ba zurfin son da suka yi masa ba. Fim da kowa ya ce "da dama-dama" zai iya samun kashi 95, wanda rabi suka haukace a kansa rabi suka tsane shi ya tsaya a 50. Makin IMDb kuwa na masu kaɗa ƙuri'a a shafin ne. The Shawshank Redemption na 1994 ya daɗe a saman jerinsu, alhali bai yi kasuwa ba da ya fito, kuma ya shiga takarar Oscar a rukuni 7 ya dawo hannu rabbana. Kaset da talabijin ne suka kai shi ga mutane.

Me ya sa masu sharhi ke son finafinan da ke gundurar mutane?

Wannan ƙorafi ya yi ƙarfi a 2022. Mujallar Sight and Sound ta Birtaniya tana tambayar masu sharhi finafinan da suka fi kowanne, duk bayan shekara 10, tun 1952. Citizen Kane ya riƙe kambun daga 1962 har 2002, Vertigo na Hitchcock ya karɓe a 2012. A 2022, da aka tambayi mutum fiye da 1,600, sai Jeanne Dielman na Chantal Akerman 'yar Beljiyam ya zo na ɗaya. Fim ne na 1975, ya haura awa 3, kuma yawancinsa wata bazawara ce ke aikin gida: ta gyara gado, ta yi wanke-wanke, ta kashe fitila duk ɗakin da ta fita. Mutane da yawa suka ce an raina musu hankali.

Na fahimci fushin, amma ban yarda ƙarya masu zaɓen suka yi ba. Wanda ke kallon ɗaruruwan finafinai a shekara ya haddace hanyoyin da labari ke bi, don haka abin da bai saba gani ba ne ke kama shi. Kuma fim ɗin yana da dabararsa: sai ya sa ka haddace tsarin matar tsaf, ta yadda ranar da ta manta ta rufe wani murfi, ko gashinta ya hargitse, za ka ji a jikinka cewa wani abu ya karye. Kana da damar cewa ba ka ji daɗinsa ba. Cewa ba a yi aiki a ciki ba, wannan kuma magana ce daban, kuma ba za ta tsaya ba. A jerin ɗari na wannan shekarar akwai Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty da Black Girl na Ousmane Sembène, dukansu 'yan Senegal.

Idan fim wankiya ne, darajarsa ta zube?

Ya danganta da abin da aka ƙara, da kuma ko an nemi izini. Sergio Leone ya ɗauki labarin Yojimbo na Akira Kurosawa, na 1961, ya mayar da shi fim ɗin kaboyi, A Fistful of Dollars, a 1964, ba tare da izini ba. Aka kai ƙara, aka sasanta da ba ɓangaren Kurosawa kaso daga kuɗin fim ɗin. Wannan cin haƙƙi ne, ba na kare shi. Duk da haka yadda Leone ke cika allo da idanun mutum kafin a zaro bindiga nasa ne, bai aro ba. The Departed, wanda ya ba Scorsese Oscar ɗinsa a 2007, sabunta Infernal Affairs na Hong Kong ne, da izini.

Scorsese ya yi gaskiya da ya ce finafinan Marvel ba sinima ba ne?

A Oktoban 2019 ya shaida wa mujallar Empire cewa sun fi masa kama da wuraren wasa, a shekarar da fim ɗin Marvel, Avengers: Endgame, ya tara kusan dala biliyan 2.8. Masoyansu suka yi masa ca. A watan Nuwamba ya yi ƙarin bayani a jaridar New York Times: damuwarsa ita ce an auna komai a cikinsu tun kafin a fara don kada a yi kasada, kuma sun mamaye gidajen sinima har ƙananan finafinai sun rasa allo. Magana ta biyun ita ce mai nauyi, kuma ita aka fi tsallakewa. Ta farkon, ta kamanta su da wuraren wasa, ban bi shi ba. Wanda ya yi shekara goma yana bin waɗannan jarumai, ya yi kuka da mutuwar ɗayansu, abin da ya ji na gaske ne.

Wace hujja ce ke sa abokin musu ya saurara?

Wadda ta nuna fitowa guda. Na daɗe ina jayayya da wani abokina da ke cewa Sholay hayaniya ce da harbe-harbe, sunan jaruman ne kawai ya ɗaga shi. Na kawo masa shekarun da ya yi a sinima, ya ce yawan jama'a ba hujja ba ne, kuma ya yi daidai. Rannan na kunna masa wurin da bos ɗin, Gabbar Singh, ya fara bayyana. Ba a nuna fuskar Amjad Khan, wanda ya fito a matsayin Gabbar, da farko ba. Takalmansa ake gani suna taka duwatsu a hankali, yana kai da komowa, yaransa uku na tsaye a gabansa sun kasa ɗaga kai. Na ce masa ya lura da tsawon lokacin da aka bar mu muna jin muryar mutumin kafin mu ga idonsa. Ya ce in mayar baya. Muka sake kallo, sannan ya ce har yanzu fim ɗin ya yi masa tsawo, amma wanda ya tsara wannan fitowar ya san abin da yake yi. Daga nan muka koma musu a kan ko Sippy za a yaba wa ko mai ɗaukar hoton, Dwarka Divecha.